Cigiya Zuwa Ga Alhaji Kason Ƙaramar Hukuma

Ranka ya daɗe,

Mu ne mutanen Ƙofar Na'isa. Shirun ne ya yi yawa, muka ce bari dai mu yi cigiya.

Duk wata muna jin labarin tasowarka a rediyo. Kwamitin rabon arzikin ƙasa zai zauna, a ce an raba tiriliyan kaza: gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, kai kuma ka fito da 20.60 da sunan ƙananan hukumomi 774, har da 44 na Kano. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 ma, an ce har tumbi ka ajiye. Tubarkalla. To amma Alhaji, a ina kake sauka?

Masana sun ce tsarin mulkin 1999 ne ya yanka maka masauki, wai shi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Nan ake tarbarka, a karɓi jakarka, a ce ka huta za a adana maka. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a daina tare ka, ka wuce gida kai tsaye. Da jin haka muka share soro, muka shimfiɗa tabarma. Har yau ko ƙeyarka ba mu gani ba.

Ko ƙofar ce kake tsoron ta yi maka kaɗan? Ai tun 2010 aka rushe tsohuwar aka faɗaɗa hanya, tirela ma wucewa take.

Da ka leƙo a watan Agusta, da ka ga aiki yana jiranka. Kwatar lungu ta toshe da leda, ruwa ya koma yana cin gindin katangar ƙasa. Azara ta ruɓe, mai gida ya tokare ta da sanda, ya kwana yana sauraron hadari. Samari su yi gayya su yashe kwata, dattawa su kewaya da faranti bayan sallar isha'i ana haɗa kuɗin siminti. Gidan gado guda, magada sun fi ɗakuna yawa, saurayi ya biya sadaki amma ɗakin da zai sa amarya ya gagara, sai neman haya a Ɗorayi ko Sheka.

Kada ka ce ba a gina gidaje ba. Mun ga rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, sun yi kyau ta tagar A Daidaita Sahu. Sai dai tela da mai shayi ba su ma tambayi farashi ba, don kada a yi musu dariya.

Ba bene muke roƙo ba. In zuwan ba zai yiwu ba, aiko da takarda duk wata a manna a bangon sakatariya da ƙofar gidan mai unguwa: ga abin da ya shigo, ga albashi, ga kwalbatin da aka yi, ga sunan ɗan kwangila, ga saura. Muna da yara masu lissafi da ke zaman jiran aiki, kyauta za su duba maka.

In kuwa sai lokacin zaɓe za ka zo kamar yadda ka saba, a cikin buhun taliya da atamfa, to don Allah wannan karon ka haɗo da buhun siminti.

Naka mai jiran tsammani,
Wani mazaunin Ƙofar Na'isa, cikin birnin Kano