Kujerar Biro Ba Ta Fid da Dami

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki, mutanen Kiyeshe. "Ji mai ƙoshi! An ba shi biro da fanka da motar gwamnati, ya dawo yana kukan kewar rana." Ku yi dariyarku ta ishe ku, sannan ku matso. Malamin gonar da aka ɗaga ya zama shugaba yana da ciwon da ba ya iya faɗa a bainar jama'a, don duk wanda ya ji cewa zai yi iyayi ne.

A makarantar IPDR ta Kollo, inda ake horar da malaman gona, abin da aka cusa mana shi ne ƙasa da iri da ƙwari. Mun fito muna gane ƙuduji tun kafin ya yi fure, muna sanin inda za a haƙa rabin wata a kan faƙo don ya tare ruwan sama. In murzuna ta faɗa wa zangarniyar hatsi, mu ne masu yawo gona gona da ƴan jakunkunan nan masu ɗauke da ƙwaron da ke kashe tsutsar, muna ratayawa, tsofaffi suna kallonmu suna tambaya ko sabon bori ne cibiyar binciken noma ta INRAN ta aiko. Bayan makonni sai ka dawo ka murza zangarniya a tafin hannu, ka ga tsaba ta cika. Nan take ka san ka yi aiki, ba sai wani ya sa maka hannu a takarda ba.

Yanzu fa? Sa hannun ne aikin nawa. Rahoton wata, rahoton wata uku, taro a Dogon Dutsi, taro a Dosso don a tattauna abin da aka tattauna a Dogon Dutsi. In yamma ta yi iyali suka ce me aka yi yau, sai in yi ta laluben amsa.

Kawu, na ga ka ɗaga sanda, faɗi. "To ka ajiye musu kujerar mana, wa ya ɗaure ka?" Allah ya ja da ranka, albashi ya ɗaure ni, da kuɗin makarantar jikokinka. A aikin gwamnati tsanin guda ne, kuma kowane mataki nesanta ka yake yi da aikin da ka iya. Majon asibiti da ya fi kowa iya samun jijiya ya koma ƙirga kwalin magani. Mushen da yara ke gane lissafinsa ya zama darakta, alli ya bar hannunsa. Wani masani ɗan Kanada, Laurence Peter, ya rubuta littafi a 1969 yana cewa ana ta ƙara wa ma'aikaci girma har sai an kai shi inda bai iya komai ba, sannan a bar shi a can. Da ya biyo ta Arewa, da ya samu abin cika littafi na biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi, kakanninku sun fi mu dabara a wannan sha'ani. Sarkin noma da damin hatsi ake auna shi, sai ya tara dubu a gani da ido kafin a buga masa ganga, kuma sarautar ba ta raba shi da hauya. Sarkin maƙera bai daina zama gaban zugazugi don an naɗa shi ba, hasali ma shi ake kai wa ƙarfen da ya gagari yara. Har a Amurka, Steve Wozniak da ya ƙera kwamfutar Apple ta farko, sai da aka tabbatar masa zai ci gaba da zama injiniya, ba za a mai da shi manaja ba, kafin ya saki aikinsa na da.

Ku kuwa taubasaina Fulani, na ji kuna cewa dama Ba'are in ya samu inuwa ba ya tashi. Ku bari sai ranar da aka naɗa ɗayanku darektan kiwo, ya koma ƙirga shanu a kwamfuta, mu ga ko nono zai fito.

Kuma ku ma, mutanen Kiyeshe, kuna da hannu a ciki. Da ina zuwa a kan babur, wandona duk ƙaya, "yaron gona" kuke ce mini, ku miƙo mini fura a tsaye. Ran da na sauko daga mota da farar shadda, sai ga tabarma, sai ga kaza, har da masu neman in sa baki a auren ɗiyarsu. Rani na zuwa, masu lambun dankalin turawa na Dogon Dutsi za su fara shuka. In kun gan ni na naɗe ƙafar wando na shiga kwami, kada wanda ya ruga ɗauko mini kujera. Wanda kuma yake ganin iyayi nake yi, ya zo biro ranar Litinin da biro a aljihunsa, akwai rahoton da Dosso ke jira tun makon jiya.