Ka Ce Oba!

A shekara ta 2000 na yi wa ƙungiyar manomanmu ta Dabai alkawarin cewa sunayen masu neman taki za su isa Birnin Kebbi ba tare da kowa ya hau mota ba. A lokacin ai abin ba wuya: kwamfuta a nan, kwamfuta a can, kowace da modem, layin tarho a tsakani. Muka ɗunguma wani ofis mai tarho a cikin Zuru, da shugaba da ma'aji da dattawa, har da Baba Saja, tsohon soja, wanda ba wanda ya gayyace shi.

Na buɗe HyperTerminal a Windows 98, na buga ATDT da lambar ofishin kawuna da ke Birnin Kebbi. An riga an gaya wa yaron da ke can ya sa ATS0=1 don na'urarsa ta amsa da kanta, mu ji kukan nan irin na gyare, sai Zmodem ya kwashe sunayen nan take. Ashe yaro ya tafi cin tuwo.

Kawu ne ya ɗauka.

To, modem lasifika gare shi, ba shi da makirufo. Kafin na'urorin biyu su haɗu, duk abin da aka faɗa a can muna ji, mu kuwa ba a jin mu.

"Salamu alaikum. Halo? Halo?" Shiru. Sai ya juya ga wani a gefensa: "Ɗan ƙanwata ne na Dabai, wai zai cusa takarda cikin waya. Yaron da har ya shiga aji huɗu yana fitsarin kwance!"

Ban taɓa jin layi ya fito tar haka ba. Aji huɗu. Maɓalli ɗaya kawai zan taɓa, kowanne ne, kiran ya yanke, amma yatsuna goma suka sandare a sama. Ma'aji ya ƙura wa fanka ido. Shugaba ya kama tarin ƙarya. Kawu kuwa ya shiga bayanin tabarmar da aka riƙa shanyawa, har sai da allo ya ji tausayina ya rubuta NO CARRIER.

Nan Baba Saja ya matso, ya dafa ni.

"Ɗana, ba ka ce oba ba."

"Baba, wannan ba rediyon soja ba ce."

"Waya waya ce. Daga 1967 har aka gama yaƙin basasa a 1970, ban ga saƙon da ya tashi ba oba ba. Sannan sunayen nan sun yi wa igiya nauyi. Ka tura na Musulmi daban, na Kirista daban, kada su yi cunkoso a Koko."

Ya sunkuya saitin modem ɗin, ya gyara murya, ya daka masa tsawa: "Zuru na kiran Birnin Kebbi, oba!"

A ƙarshe dai, faifan kwamfuta mai ɗauke da sunayen muka ba direba a tasha. Baba Saja kuwa ya sanar a Dabai cewa saura kaɗan saƙo ya tafi, taurin kaina ne ya hana.