Garin Neman Iska Na Rasa Gira

Surukina ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma abu biyu ne ba ya ba da aronsu: carbinsa da tsohuwar Land Cruiser ɗinsa. Don haka ranar da ya miƙo mini mukulli ya ce in kai 'yan ɗaurin aure wani ƙauye gaba da Ɗambatta, hannu biyu na sa na karɓa, har da durƙuso.

A hanyar dawowa muka kafe a rairayi. Wani direba ya ce in rage iskar tayoyi su baje, su daina nutsewa. Na rage, muka fita, da muka hau kwalta aka mayar da iska. Washegari da asuba, a ƙofar gidana a Fagge, na tarar tayar baya ta zauna daɓas kamar mai jiran bashi.

Na ciro ta, na ba ta iska da famfon keken maƙwabci har kafaɗuna suka sage, na kwarara mata ruwan Omo. Babu ƙusa. Kumfar daga gefe take tasowa, inda leɓen taya ya haɗu da wili. Irin tayar nan ba ta da tib, leɓen nan da ya manne shi ne ke tsare iska.

Mai hankali wurin mai faci zai nufa. To, mai facin layinmu sahu ɗaya yake sallah da surukina, kafin azahar labari ya gama zaga Kwari. Sai na ɗauko waya. Ga bidiyon wani Bature cikin dusar ƙanƙara, ya fesa wani abu a cikin taya, ya ƙyasta wuta, taya ta ce fam, ta hau wili. Na ce ashe abin da ake karɓar mana kuɗi a kai ke nan.

Na sace sauran iskar, na tara yaran layi muka yi ta tsalle a kan tayar har leɓen ya saki. Na shiga ɗaki na ɗauko maganin sauro. Baturen sau ɗaya ya fesa, amma ni Bakano ne, ba a san mu da rowa ba: rabin gwangwani na juye. Ashanar farko ta mutu. Na jefa ta biyu, shiru. Sai na sunkuya in ga me ya hana.

Ƙarar da ta biyo baya ta kori awakin layi har bakin masallacin Juma'a. Mai shayi ya saki buta. Wani ya ce taransifoma ce ta fashe, aka tuna masa kwana uku rabonmu da wuta. Ita kuwa taya ta hau, ta cika tim, har na fara murmushi. Da ta huce sai ta lotse ta koma gidan jiya, domin zafi ne kawai ya kumbura ta, kuma Baturen bai nuna mini wanda ke tsaye a gefe da injin iska ba. Ina ta jin ƙaurin babbakar kan rago, alhali Sallah da saura. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, ina girarka?"

Na ja hula har goshi, na tari adaidaita sahu, muka loda taya sai Sabon Gari, inda ba wanda ya san ni. Kusa da France Road na sami wani dattijo Bayarabe mai faci, haifaffen unguwar, Hausarsa ta fi tawa. Ya shinshina tayar, ya dubi fuskata.

"Ɗana, wuta ka sa mata?"

"Baba, tsautsayi ne."

"Mu nan tun gobarar kasuwa ta 2016, ko ashana aka ƙyasta sai mun waiwaya. Zauna."

Ya raba taya da wili, ya nuna mini rairayin da ya shige lokacin da na rage iska, da tsatsa jawur a ƙarƙashinsa. "Wannan tsatsar ba ta jiya ba ce," in ji shi. Ya kankare ta da burushin waya, ya duba leɓen ko wuta ta ci shi, ya shafa masa ruwan sabulu. Ya zare ƙwayar bawul don iska ta shiga da ƙarfi, ya tayar da inji, ya ce in ja baya. Taya ta ce tas, ta sake cewa tas, leɓe biyu sun zauna. Ya mayar da ƙwaya, ya sa geji, ya zuba ruwan kumfa, ko ɗigo bai motsa ba. Ladansa bai kai kuɗin maganin sauron da na ƙona ba.

Da yamma uwargida ta zana mini gira da jagirarta, na kai mota Kwari ina sunkuyar da kai. Surukina ya zaga ta, ya tsaya a tayar baya, ya danna ta da ƙafa.

"Ikon Allah! Ai wannan tun bara take sacewa, kullum safe sai yaro ya ba ta iska. Na manta ban gaya maka ba."

Na ce, "Ba komai, Baba."

Sai ya ƙura mini ido, ya gyara tabarau, ya ce, "Amma ka rage tsayuwa a rana. Ga girarka nan tana gangarowa."