Katin auren da ba a ɗaura ba

Mu nan Kubwa, da an idar da sallar isha aka hallara teburin mai shayi, kan kowa a sunkuye yake a kan waya. Can sai wani ya tuntsire da dariya: "Kai jama'a, ku zo ku gani!" Hoto ne da ɗan rubutu a ƙasansa. Kafin ƙwai ya soyu ya shiga gurup ɗin dangi, da na masallaci, da na abokan makaranta. Haka muke.

Abin yana da ranarsa, ba na musu. Lokacin da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Wuse ya fi ƙarfin mutane, hotunan barkwancin nan ne suka faɗi abin da ke cin ranmu. Wanda ba ya iya karanta dogon sharhi ma ya gane, ya yi dariya, ya ɗan ji sanyi.

Sai dai ku tuna Oktoban 2019. Katin gayyata ya zagaye wayoyi, wai ranar Juma'a 11 ga wata za a ɗaura auren Shugaba Buhari da Minista Sadiya Umar Farouq a nan Abuja. Da wasa aka fara, ana haɗa hotunansu ana zolaya. Da ya wuce hannu biyar, wasan ya zube a hanya, saura "labari". Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta tsayar da ni a ƙofar gida: "Ɗana, da gaske yau ne?" Ba dariya a fuskarta. Fadar shugaban ƙasa ta ƙaryata, daga baya hukumar DSS ta ce ta kama wani mutum daga Kano kan batun, amma a cikinmu wa ya tura ƙaryatawar inda ya tura katin? Ni abin da ya tsaya min a rai, mace ce mai dangi da mutunci muka yi ta yawo da sunanta, alhali tun muna makarantar allo mun san hukuncin ƙazafi.

Haka aka yi da "Jibrin na Sudan". Wai an musanya shugaban da wani mai kama da shi. An juya hoto ya zama Buhari na rubutu da hagu, aka zagaye kunnensa da jan layi, har sai da ya fito a Poland a Disamban 2018 ya ce shi ne dai ba wani ba. Jita-jitar 2014 ta cewa ruwan gishiri na kare mutum daga Ebola kuwa rayuka ta ci.

Daren jiya wani yaro ya miƙa wa Baba mai gadi waya, hoton wani gwamna ne da maganar da aka jingina masa. Baba ya daɗe yana kallo.

"Wa ya turo maka?"

"Yayana ne, Baba."

"Shi kuma a bakin wa ya ji?"

Yaron ya yi shiru, ya karɓi wayarsa ya kife ta a kan benci. Mai shayi ya tura masa kofinsa.