Maƙwabcina Yana Ɗura Harsashi a Gareji

Phoenix, Arizona,
Amurka.

Zuwa ga taubashina kuma bawana, sarkin 'yan markaɗen Magama.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Gwaggo, ina kuma fatan injin naka ya daina cinye bel kamar akuya ta samu takarda. In ka tambaye ni, lafiya lau nake, sai zafi. Kai ne ka tasa ni gaba zuwa kasuwar Lahadi na sayi rigunan sanyi uku a gwanjo, wai Turai zan tafi. Suna nan a akwati ko ninkinsu ban warware ba. Garin nan a 2023 sai da aka jera kwana 31 kullum zafin rana sai ya kai digiri 43. Jibia a watan Afrilu wurin shan iska ce. Kuɗin rigunan a kuɗin shararka na bana zan cire.

Za ka yi mamakin ganin takarda bayan ga waya. Dalili shi ne muryar WhatsApp tana da ƙafa. In na tura maka da asuba, kafin azahar ta isa Maraɗi, kuma labarin da zan ba ka ba na teburin mai shayi ba ne.

Ina da wani maƙwabci, tsohon Bature ne da ya yi ritaya, gemunsa har ƙirji kamar limamin Juma'a, don haka nake ce masa Mai Gemu. Ranar wata Asabar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce in zo in kama masa wani kwali. Muka kinkima zuwa garejinsa, ya buɗe, sai ga wani shuɗin ƙarfe mai hannu ɗaya, da faifai a tsakiya, da wasu bututai tsaye a kai. Na duba gaba, na duba baya, na ce a raina lallai tsohon nan ya gaji da zaman banza, sana'ar taliya 'yar murji zai fara. Har na soma lissafin inda zan samo masa manja da yaji. Na tambaye shi, ina ake zuba ƙullun? Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce injin ɗura harsashi ne.

Taubashi, kafin ya rufe baki na gama auna tazarar da ke tsakanina da ƙofa. Ka san mutumin Jibia, in ya ji kalmar harsashi ƙafarsa ce ke fara fahimta kafin kunnensa. Na ce masa 'yan sanda sun sani? Ya ce su ma a shagon da ya sayo suke sayen nasu. Kamfanin yana nan Scottsdale, kusa da mu ƙwarai, sunansa Dillon, kuma duk injinansa shuɗaye ne. Akwai masu jan inji na Hornady, akwai masu kore na RCBS, kuma gardamar da ke tsakaninsu ta fi ta 'yan Katsina United da 'yan Kano Pillars zafi. Haƙƙin riƙe bindiga yana cikin tsarin mulkinsu tun 1791. A Arizona kuwa tun 2010 wanda ya kai shekara 21 yana iya soke ƙaramar bindiga a ƙugu ba tare da neman izini ba. Ni da na taso inda ake tsare mutum a shinge saboda rabin buhun shinkafa, ka ga kuwa dole kaina ya yi nauyi.

Da hankalina ya dawo sai na ga ashe tattali ne ya kawo sana'ar. Idan aka harba harsashi, kwansonsa na tagulla yana faɗowa ƙasa lafiyarsa lau. Mai Gemu ba ya barin ko ɗaya. Nasa da na wasu duk tsincewa yake yi a bokiti, kamar Gwaggo da gwangwanin madara. Sai ya zo gida ya zuba su a wata tukunya mai karkarwa su wanku. Ka san da me ake wanke su? Da totuwar masara. Totuwar nan da muke hura wuta da ita, an niƙa ta, an zuba a jaka mai tambari, ana sayarwa da dala. Na tsaya ina kallon jakar ina tuna tsibin da ke bayan gidanku. Ashe shekara da shekaru a kan dukiya kake zaune kana kukan talauci.

Kafa injin shi ne ya ci mana yini. Da farko a kan wani tsohon tebur muka ɗaure shi. Da ya ja hannun sai teburin ya rusuna kamar mai gaida sarki. Ya ce a'a, in gindi yana rawa awo ma rawa zai yi, kuma a aikin nan awo shi ne rai. Muka kwance, muka huda wani katako mai kauri da ke manne da bango, muka ɗaure da kusoshi huɗu. Ni ne ɗan riƙe sifana. Ka ga ikon Allah, ni ubangidanka, na haye teku na zama yaron makanike.

Faifan da ke tsakiya yana da gurbi biyar, kamar layin awo a asibiti, kowane kwanso sai ya bi tebur-tebur. A nan a matse shi ya koma girmansa na asali a cire masa tsohuwar ƙyastu, can a sa masa sabuwa a zuba albarushi, gaba a leƙa a ga ko ya samu rabonsa, sai a ɗora masa kai, sai a daƙe bakin. Abin burgewar shi ne duk a ja ɗaya ake yin su. Ka ja hannu ƙasa, ka mayar sama, faifai ya juya, harsashi guda ya faɗo a roba, ƙwal. Amma kafin a kai ga wannan ƙwal ɗin sai mutum ya yi furfura. Kowane gurbi yana da nasa ƙarfen mai zare da ake murɗawa. Tsohon nan zai murɗa kaɗan, kamar mai neman tashar BBC a tsohuwar rediyo, ya gwada kwanso ɗaya, ya ɗauko ma'auni, ya sa tabarau a kan tabarau, ya girgiza kai, ya sake murɗawa baya. Kwanso ɗaya ya fito a lanƙwashe, wani kansa ya nutse kamar kunkuru ya ji motsi. In ya gyara gurbi na huɗu sai na biyar ya yi fushi. Na tuna ranar da ka yini kana saita duwatsun injinka, gero yana fitowa tsaki, mata suna tsaye da ƙwarya suna yi maka addu'ar da ba a cewa amin.

Wurin albarushi ne na ga abin da ya ɗaure mini kai. Ma'auninsu sunansa ƙwayar hatsi, don asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir guda ne, kuma sai ka tara goma sha biyar da ɗoriya kafin ka sami giram ɗaya. To ita ƙwayar ma tsohon nan raba ta goma yake yi. Ya zuba a sikeli ya karanta, ya juye, ya sake, har sau goma. Ya kashe fanka don kada iska ta taɓa sikelin, a cikin wannan zafi. Yana da littafi kamar kundin malami, kuma ba ya ƙetare abin da aka rubuta ko da wa ya roƙe shi. Ya ce abu biyu yake tsoro: kwanson da ya sha sau biyu, wanda zai iya tarwatsa bindiga a hannun mai ita, da wanda bai sha ba sam, wanda kansa zai maƙale a hanci ya jira na baya.

Sai na ba shi labarin Kaka da bindigarsa ta toka, harba-ka-ruga. Na ce masa mu sikelinmu tafin hannu ne. A zuba, a duba, in ana jin haushin gada a ƙara kaɗan, a cusa tsumma, a daka da sanda, a yi bisimilla, a kau da kai. Ya tambaye ni ko ba ta taɓa fashewa ba. Na ce ai shi ya sa Kaka yake ƙirga jikokinsa da yatsu takwas. Tsohon ya cire tabarau duka biyun ya zauna.

Laifina na ranar guda ɗaya ne, kuma zan faɗa maka kafin ka ji a wani wuri. Ya ba ni wani ɗan faranti mai ƙyastu ɗari in riƙe, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Wayata ta yi ƙara, kai ne kake kira, ƙarfe biyun rana a nan, goman dare a wurinku, a kan maganar kuɗin bel. Na zabura, faranti ya kife. Muka duƙa, ni da dattijo mai shekara saba'in da wani abu, muna rarrafe da tocila. Muka sami casa'in da tara. Na ce Baba a bar wa aljanu ɗaya. Ya ƙi. Ya ce lokacin korona, a 2020, abin nan ɓacewa ya yi daga shaguna kamar fetur a Magama ranar da aka hana kai mai kusa da boda. Minti arba'in muka yi kafin ta fito daga cikin takalmina. Tun daga ranar ya kafa doka, ba waya, ba hira, ba rediyo in yana jan hannu.

Da la'asar inji ya saitu. Ya zauna yana ja, ƙwal, ƙwal, ƙwal, abin gwanin daɗi, har ina kaɗa kai. Kafin in sha ruwa in dawo roba ta cika. Na ce Baba, duk wannan wa ya yi maka laifi? Ya ce takarda. Kowace Lahadi yana tafiya wani fili a bayan gari, ya rataye takarda mai zane-zanen da'ira, ya toshe kunne, ya yi ta harbinta, sannan ya ciro ya auna ramukan da rula ya rubuta a littafi. Shekara arba'in yana harbi, ko zomo bai taɓa kawo wa matarsa ba. A garinmu da tuni an sa masa waƙa.

Ina cikin dariya sai idona ya sake faɗawa kan robar, dariyar ta tsaya mini a wuya. Gonar Baba ta hanyar Batsari ce ta faɗo mini, wadda rabon da a sa mata garma har na manta, da watannin nan na 2021 da aka yanke layin waya, na yi ta kiran Gwaggo ana ce mini ba a samunta. A shekarar ce kuma Gwamna Masari ya zo har Jibia ya ce wa mutane su nemi abin kare kansu. Da muna yara, in an ce 'yan bindiga, mutanen Sarki ake nufi, waɗanda ke ɗura albarushi zalla ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, mu bi hayaƙin da gudu muna ihu. Yanzu in an faɗi sunan, hanyar gudun dabam ce. Mai Gemu ya lura na yi shiru. Na gaya masa kaɗan daga ciki, gwargwadon Turancina. Ya ce ai shi ya sa ya kamata kowa ya mallaki tasa. Na ce Baba, mu ba ƙarancinta ke damunmu ba. Bai ce komai ba, ya lulluɓe injin da zane, ya kawo mini lemo mai sanyi. Su ma nan ba su tsira ba, ka sani. Kusan kullum sai labarai sun kawo harbi a wani gari, har 'yan firamare ana koya musu yadda za su ɓuya a aji. Shi dai nasa a akwatin ƙarfe yake kullewa, albarushi dabam, ƙyastu dabam, makulli a wuyansa.

Na san ka. Tun daga sakin layi na uku ka fara lissafin nawa injin zai kai in an sauke shi a Kwatano aka biyo da shi ta Ɗan Isa. Cire wannan daga ranka. Dokar makamai ta 1959 tana nan da ranta, kuma tsakanin Magama da Katsina shingayen da ke hanya sun fi ƙarfin yatsun Kaka, har da na ƙafa. Bodar da aka rufe a 2019 saboda shinkafa, ba a buɗe tamu ba sai 2022, aka sake rufewa a 2023 saboda juyin mulkin Nijar, ita ce za ka bi da injin harsashi? In ka ga dama ka jira jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya fara tsayawa a Jibia, sai mu yi maganar fitar da totuwa. Wannan kam halal ce, kuma ni ne mai kashi biyu, tunda ni na gano ta.

Abin da na yi maka alkawari yana nan. Na ga wani ƙaramin sikeli a wurin tsohon, zan sayo maka irinsa, ko matan unguwa sa huta da mudun nan naka mai lotsattsen gindi.

Alhajin da ya kawo maka takardar nan zai juyo bayan sati uku. Ka ba shi kuka da daddawa da yajin Gwaggo. Kada ka sa kilishi, kwastan ɗin nan ba sa barin nama ya shigo, kuma karensu ba ya karɓar na goro. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ɗanta yana aiki a sito, yana salla a kan lokaci. In ta tambayi maƙwabcina, ka ce mata taliya yake murzawa. In ka gama karantawa ka sa takardar a murhu.

Naka,
Ubangidanka, ɗan Kawu.