Allurar da ke Warkarwa, Ita ke Jawowa

Na san halinku. Da na ce akwai allurar da ake yi wa mai soriyasis ya warke, kuma ita ɗin dai ake yi wa wani ta fito masa da soriyasis ɗin da bai taɓa yi ba, Malam zai gyara zaman hula ya ce, "To ka ji! Dama mun faɗa, jabu ake kawo mana." Hajiya kuwa ta taɓe baki, wai an mai da mu zakaran gwajin dafi. Ku sassauta. Ba a kemis ɗin unguwarku aka gano wannan ba, a asibitocin Turai da Amurka ne, kuma a jikin mutanensu.

Soriyasis ita ce cutar nan da fata ke yin kauri tana ɓamɓarewa, galibi a gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai. Littattafai na cewa ja take, amma a baƙar fata duhu take yi, toka-toka. Garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, kuma cikin masu rura wutar akwai wani sinadari, TNF. Sai aka ƙera alluran toshe shi: infliximab ta samu izini a Amurka a 1998, adalimumab, wato Humira, a 2002. Ana ba masu amosanin gaɓɓai, da masu kumburin hanji na Crohn, da masu soriyasis, kuma suna jin daɗinsu ƙwarai.

Sai ga wajen mutum 2 zuwa 5 cikin 100 sun dawo wa likita da soriyasis, wasu da ƙuraje masu mugunya a tafin hannu da tafin ƙafa, wasu fatar kai ta kumbura har gashi na zuba. Mai ciwon hanji ya je neman sauƙin ciki, ya dawo yana susa.

"Ƙarya ce, magani ba ya haifar da abin da yake kashewa." Malam, kai da ke da mata biyu ai bai kamata a yi maka dogon bayani ba. TNF uwargida ce mai faɗa, kowa ya gaji da ita, amma ita ke taka wa amarya burki. Ranar da ka kai ta gida, ranar za ka san amaryarka. Sunan amaryar intaferon, wani sinadarin garkuwar jiki. Curdin Conrad da Michel Gilliet da abokan aikinsu a Lausanne ta Suwizalan sun nuna a 2018 cewa idan aka toshe TNF, wasu ƙwayoyin garkuwa ba sa gama nuna, sai su yi ta ɓarin intaferon ba ƙaƙƙautawa, fata ta ɗauka.

Sababbin alluran ma ba su tsira ba. Secukinumab ta soriyasis kan fito wa wasu da ezima mai ƙaiƙayi. Dupilumab, da ta zo a 2017 don ezima, kan bar wasu da jan ido da jan fuska, wani lokaci har da soriyasis.

Hajiya, na ga kin miƙa hannu wajen man nan na kasuwa mai sa haske. Ajiye shi. Wanda abin ya samu likitan fata zai koma wa, ba zai yanke allura da kansa ba, don ciwon farko na nan laɓe. Sau da yawa man shafawa da likita ya rubuta ya isa. In ya ƙi, a sauya allurar zuwa wani jinsin, kamar ustekinumab, domin ƙaura daga wata mai toshe TNF zuwa 'yar'uwarta kan dawo da ƙurajen.

In shakka kuke so ku yi, ga inda ta dace da mu: alluran toshe TNF na iya tayar da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B da suka kwanta a jiki, kuma dukansu ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya zo muku da allurar bai fara aika ku gwaji ba, Malam, a nan ne za ka gyara hular ka yi masa tambayoyin nan naka.