Ranar da "Tell" Ta Ci Amanata

Tun ina aji uku na firamare na ɗauka ni da kalmar "tell" mun zama 'yan gida. Malaminmu na Turanci, wani dogo mai yawo da tsumagiyar darbejiya a hammata, shi ya haɗa mu. Yana buga allo muna rerawa, "tell, told, told," har 'yan aji huɗu su amsa ta taga. Ya kuma ja mana kunne cewa "tell" halinta ɗaya da "gaya", tana son a ambaci wanda ake gaya wa, saɓanin "say" da ke iya tafiya ita kaɗai. Duk wanda ya ce "say me" bulala biyu ne. Na sha shida, don haka ilimina na wannan kalma da fatar jikina na saye shi.

Da na samu tafiya Manchesta ƙaro karatu, manyan kalmomi na ji tsoro, irin masu gaɓa biyar da ake jifan juna da su a taron ƙara wa juna sani. Na haddace su a jirgi. Babu ko ɗaya da ta taɓa kayar da ni. Wadda ta yi mini ƙafar ungulu ita ce 'yar mai harafi huɗun nan.

A watan Disamba ne, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, ga yayyafin da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki. Ina jiran bas a titin Wilmslow, kusa da wata tsohuwa mai jan jakar cefane. An riga an koya mini cewa a Ingila hira da baƙo daga yanayi take farawa, sai na ce mata sanyin yau ya yi yawa. Ta kaɗa kai, ta ja numfashi, ta ce, "Ooh, tell me about it!"

Wallahi sai na ji tsohuwar ta kwanta mini a rai. Wata uku ina garin nan ba wanda ya nemi jin damuwata, yau ga baiwar Allah da kanta tana cewa in ba ta labari. Na gyara tsayuwa. Na faro daga hunturun Kano, yadda leɓe ke tsagewa, yadda ake shafa man kaɗanya a faso, yadda ake kewaye mai shayi da asuba. Na bayyana mata cewa sanyinmu yana da kunya, hantsi na ɗagawa yake janyewa, nasu kuwa har cikin ɓargo yake bin mutum. Na nuna mata safa biyu da na sa. Bas mai lamba 42 ta zo, ban kula ta ba, don ina tsakiyar bayanin kuɗin wutar da na'urar ɗumama ɗaki ke lashewa. Tsohuwa tana ta murmushi, tana ja da baya kaɗan-kaɗan. Wata bas na tsayawa ta faɗa ciki da saurin da ban zaci gwiwoyinta za su iya ba. Har yau ina zargin ba ma hanyarta ba ce.

Da daddare na kai labarin wurin wani dattijonmu mutumin Zariya da ya shekara fiye da ashirin a garin. Sai da shayi ya sarƙe shi don dariya.

"Kai, ɗan nan, ka kashe ni! Ai ba labari ta nema ba. Cewa take ita ma sanyin yana cin ta."

"To Baba, me ya sa ta ce in gaya mata?"

"Kai in wani ya ce maka rayuwa ta yi tsada, me kake ce masa?"

"Kai dai bari."

"To barin yake yi?"

Na yi shiru. Ashe Bahaushe yana cewa "bari" alhali ƙofar hira ya buɗe, Bature kuma yana cewa "gaya mini" alhali ya rufe ta ya sa sakata.

Ban gama warkewa ba aka ƙara mini. Ranar wata Asabar na kaɗa miyar kuka da daddawar da Inna ta ƙulle mini a leda uku. Matar da nake haya a gidanta ta shigo duba tukunyar ruwan zafi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "I can tell you've been cooking." Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce ba kowa, "I can just tell." Na ce a raina ruɗu ne, ɓoye ɗan rahotonta take yi. Kwana uku ina amsa gaisuwar abokin zamana, wani ɗan ƙasar Girka, da ƙyar, don na yanke hukunci shi ne munafukin. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Hancinta ne ya ba ta labari, domin "tell" a nan ganewa ce, kamar yadda ake gane tagwaye ko a duba agogo a san lokaci. Daddawa kuwa, a yi mata adalci, ba ta buƙatar ɗan rahoto.

Haushi ya kai ni laburare na buɗe babban ƙamus na Oxford. A can na tarar da asirin "tell". A tsohon Turanci "tellan" take, kuma cikin ma'anoninta na fari akwai ƙirgawa. Har gobe "tellen" ƙirga ne a bakin mutanen Holan. Shi ya sa ake kiran mai ƙirga kuɗi a banki "teller", sunan da mu a gida muka cire daga kan mutum muka manna wa takardar zuba kuɗi. A majalisar wakilan Birtaniya ma, in an kaɗa ƙuri'a, 'yan majalisa huɗu ne ke ƙirga kawuna su jeru gaban kakaki, kuma da wannan sunan ake kiransu. Hatta jan carbi da "tell" Turawa suke faɗarsa. A liƙa mata "off" ta koma wankin babban bargo, a liƙa "on" ta zama kai tsegumi. Na so in yi ƙorafi, sai na tuna da tamu "faɗa": a takarda rubutu ɗaya ne, amma da ita ake faɗa wa mutum magana, a yi masa faɗa, ya kuma faɗa rijiya. Na rufe ƙamus na fita ina jin kaina gwani.

A Janairu tari ya kama ni, ƙirji kamar ana daka. Na je wurin likita, wani farin dattijo mai gilashi a kan karan hanci. Na ce masa tari ya hana ni barci mako guda. Ya ɗago, ya ce, "Tell me about it."

A'a, ba za a yi mini biyu ba. Na kaɗa kai irin na tsohuwar nan, na ja numfashi, na dube shi da tausayi na ce ashe shi ma yana fama, Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya. Har na fara ba shi shawarar citta da zuma.

Ya cire gilashinsa ya ajiye. Ya dube ni, ya dubi kwamfutarsa, ya sake dubana. Sannan a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai magana da ɗan aji uku, ya tambaye ni ko zan so a nemo mini tafinta.